Sabis Ya Cika, Takarda Ta Ƙi Tafiya

Akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare a shagunan kwamfuta da ofisoshin Anka da Gummi da Bukkuyum, har ma'aikata sun daina mamakinsa. Sandunan sabis sun cika a fuskar na'ura, bidiyo yana buɗewa ba tsaiko, saƙonnin WhatsApp suna shigowa rututu, amma da zarar an zo ɗora takarda guda a shafin wata hukuma, sai layin da ke nuna tafiyar aiki ya rarrafa zuwa kashi talatin cikin ɗari ya ƙame. A jira minti goma, a jira ashirin, daga ƙarshe shafin ya ce lokaci ya ƙare, a sake daga farko.

Da nishaɗi ne kawai ke tsayawa, da da sauƙi. Aikin da ake yi da kwamfutar tebur a wannan yanki mafi yawansa turawa ne. Makaranta tana ɗora hotunan ɗalibai da makinsu don jarrabawar NECO ko WAEC. Jami'in lafiya na ƙaramar hukuma yana shigar da rahoton wata na asibitoci a manhajar DHIS2. Saurayi mai neman aikin soja ko na kwastan yana ɗora takardar shaidar haihuwa da ta asalin ƙaramar hukuma, ɗaliba mai neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Usmanu Danfodiyo tana ɗora sakamakonta. Kowanne cikin waɗannan yana da ranar rufewa. Idan abin ya gagara a gida, mafita ita ce a shiga mota zuwa Gusau ko Sakkwato, kuma duk wanda ya san hanyar da ta bi ta Ɗaki Takwas da Anka ta fita Mayanci ya san ba kuɗin mota kaɗai ake lissafawa kafin a hau ta ba. Mutanen yankin sun ɗanɗana iyakar wannan a shekarar 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni a ranar 3 ga Satumba su rufe layukansu a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata ya dawo a farkon Oktoba, ƙananan hukumomin yamma suka ci gaba da jira, masu takardun gaggawa suna ƙetara iyakar jiha don su tura su. Tun daga nan babu mai buƙatar a yi masa bayanin darajar saƙon da ya tashi daga teburinsa ya isa inda aka aike shi.

Tushen ruɗanin shi ne sandunan nan. Abin da suke aunawa shi ne yadda na'ura ke jin muryar turken sadarwa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Ba su cewa komai game da yadda turken ke jin muryar na'ura. Mai tallar magani da ya kafa lasifika a kan mota ranar kasuwa, ana jin sa tun daga bakin tasha. Amma wanda ke tsaye a bakin tashar, in ya ɗaga murya yana tambayar kuɗin kwalba ɗaya, mai maganin ba zai san yana yi ba. Haka lamarin yake tsakanin turke da na'ura. Waya ko rautar 4G ta yau da kullum, iyakar ƙarfin da take aikawa da shi miliwat 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Eriyar da ke saman turke kuwa tana magana da wat 20 ko 40, wani lokaci fiye. Gaskiya ne an yi wa turken manyan kunnuwa don ya rage wannan rata, amma yana sauraron ɗaruruwan wayoyi ne a lokaci guda, kowacce tana ƙoƙarin a ji ta.

Idan na'ura ta yi nisa da turke, ko bango ya shiga tsakani, sai ta kai maƙurar ƙarfinta. Daga nan ba ta da abin yi sai ta tattara ɗan ƙarfin nata a siririyar hanya, ta riƙa magana a hankali, gaɓa bayan gaɓa, tana maimaita abin da ba a ji ba. Saƙon yana tafiya, amma tafiyar hawainiya. A daidai wannan lokaci saukewa na iya ci gaba lafiya lau, domin mai lasifika bai rage murya ba. Shi ya sa a gefen gari, ko a ƙauyen da ke cin albarkacin turken garin maƙwabta, turawa ce ke fara mutuwa.

Banda wannan, an gina hanyoyin ne tun asali da tunanin cewa mutum mai karɓa ne fiye da mai bayarwa. Yawancin wayoyi suna karɓa da eriya biyu ko fiye, su aika da guda ɗaya. Hatta 5G da MTN ya fara a Najeriya a 2022, a zangon gigahaz 3.5, raba lokaci yake yi tsakanin saukewa da turawa, kuma kaso mafi tsoka na saukewa ne. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a daƙiƙa a birane da megabit 10 a karkara, kuma alƙaluman biyu duka na saukewa ne. Wannan lissafi ya dace da mai kallon fim a Legas. Shugaban makarantar da ke Nasarawar Burkullu, wanda aikinsa shi ne ya aika hotunan ɗalibai ɗari biyu kafin a rufe shafi, ba da shi aka yi lissafin ba.

To amma ba kowane jinkiri ne laifin kamfani ba, kuma a nan ne ake yawan barin jaki ana dukan taiki. Saƙon da ya tashi daga kwamfutar tebur yana yin zango uku: daga kwamfuta zuwa rauta ta hanyar Wi-Fi, daga rauta zuwa turke, sannan daga turke zuwa babbar kwamfutar hukumar da za ta karɓa. Gudun tafiyar duka shi ne gudun zangon da ya fi rauni. Wanda bai gano wane zango ne ke ɗingishi ba, duk kuɗin da ya kashe caca ce. An sha ganin mai shago ya sayi ƙarin data, ya sauya layi, ya kira mai gyara a goge kwamfutar gaba ɗaya da sunan ƙwayar cuta ce ta kama ta, a yi asarar fayilolin shekaru, washegari matsalar tana nan inda take.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo ban da 'yar data. A buɗe shafin auna gudu, irin su Speedtest ko Fast, a kwamfutar, a rubuta lambar turawa. Sannan a ɗauki wayar hannu, a haɗa ta da wannan Wi-Fi ɗin, a tsaya kusa da kwamfutar a auna. Idan wayar ta ba da megabit takwas kwamfutar ta ba da rabin guda, an wanke kamfani, an wanke turke: cutar tana cikin ɗakin. Idan duka biyun suna jan ƙafa, sai a matsa jikin rautar da wayar a sake aunawa. Gwaji na biyu shi ne a cire Wi-Fi daga lissafi kwata-kwata, a haɗa kwamfutar da rautar ta kebul. Ƙananan rautocin aljihu ba su da ramin kebul ɗin intanet, amma yawancinsu suna bayarwa ta igiyar USB da ake yi musu caji da ita, haka ma wayar hannu. In gudu ya dawo da kebul, magana ta ƙare.

Kwamfutar tebur tana da wani nakasu da laftof ba ta da shi. Laftof an saka mata eriya a gefen allonta, a sama, a bayan roba. Kwamfutar tebur kuwa akwatin ƙarfe ce, kuma irin tsofaffin da ake sayowa na hannu daga Kano ko Legas galibi ba su zo da Wi-Fi ba. Sai a sayo 'yar na'urar nan mai kama da filashi, wadda wani lokaci ba ta fi farcen babban yatsa ba, a cusa ta a bayan akwatin. Akwatin kuma yana ƙarƙashin tebur, bayansa manne da bango, kewaye da tulin wayoyin wuta, ga batirin inbata a gefe. Eriyar da ke cikin 'yar na'urar siririn zane ne na tagulla, kuma an ɓoye ta a bayan ƙarfen da ke tare igiyar rediyo. Rautar tana da ƙarfin da za ta iya isa gare ta, don haka alamar Wi-Fi a allon za ta nuna lafiya. Ita ce ba ta da muryar amsawa. Labarin mai lasifika ne ya sake maimaita kansa a cikin ɗaki ɗaya.

Akwai ƙarin wani abu da ba kowa ya sani ba. Ramukan USB 3.0, waɗanda aka fi ganewa da shuɗin harshe a ciki, suna fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon gigahaz 2.4 da yawancin waɗannan ƙananan na'urori ke aiki a kai. Kamfanin Intel da kansa ya wallafa bayani a kan haka a 2012. Wanda ya cusa na'urar Wi-Fi kusa da faifan ajiya na waje mai aiki da USB 3.0 ya zaunar da mai raɗa ne kusa da injin niƙa. Maganin duka wannan igiya ce ta tsawaita USB, mai tsawon mita ɗaya ko biyu, wadda za ta fito da 'yar na'urar daga bayan akwatin ta ɗora ta a kan tebur ko a jikin bango, inda take hangen rautar. Abu ne mai arha, kuma sau da yawa ya fi sayen sabuwar rauta amfani. Kwamfutocin da aka sa musu katin Wi-Fi a ciki kuwa, a duba bayansu: ba abin mamaki ba ne a tarar da ramukan eriya biyu a buɗe, domin wanda ya haɗa ta ya ɗauki sandunan robar nan a matsayin ado ya bar su a kwali.

Shawarar da ta cika shafukan intanet, ta a sauya tashar Wi-Fi zuwa 1 ko 6 ko 11, an rubuta ta ne don mazauna benayen manyan birane inda rauta talatin ke tsere a gini guda. A Bukkuyum ba kasafai cunkoson maƙwabta ke zama matsala ba. Bango ne matsala. Katangar ƙasa mai kauri, ko bulo da ƙofar ƙarfe, suna shanye igiyar rediyo, kuma zangon gigahaz 5, duk da ya fi gudu, ya fi na 2.4 saurin gajiya a gaban bango. (Wannan gigahaz 5 na Wi-Fi ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya, ko da yake masu sayar da kaya ba su cika damuwa da warware wa mai saye wannan ba.) In rauta da kwamfuta suna ɗaki ɗaya, a zaɓi 5, in akwai bango biyu a tsakani, a koma 2.4, ko mafi kyau a ja kebul. Ya kamata kuma a duba saitin tsimin wuta na Windows, wanda kan rage wa na'urar Wi-Fi ƙarfi ko ya kashe ta don tattalin batiri, abin da ba shi da ma'ana ga kwamfutar da ba ta da batiri, sannan a sabunta manhajar da ke tuƙa na'urar.

Sai kuma ɓarayin cikin gida. Hanyar turawa siririya ce, kuma a ofis ba mai ɗora takarda ne kaɗai ke bin ta ba. Kowace wayar ma'aikaci da ta san kalmar sirrin Wi-Fi, da zarar ta haɗu, sai ta ɗauka ta samu intanet na kyauta, ta fara kwashe hotuna da bidiyon bikin makon jiya tana kai su ma'ajiyar Google, WhatsApp ma yana adana nasa. Mai wayar bai san ana yi ba, tana cikin aljihunsa. A kwamfutar kanta, OneDrive na iya kasancewa yana aika duk abin da aka ajiye a kan allo, kuma tun daga Windows 10 akwai tsarin da ke bai wa kwamfuta damar raba sabuntawar da ta sauke ga wasu kwamfutoci. Task Manager yana nuna manhajar da ke cin hanya, shafin rauta kuma yana nuna yawan na'urorin da ke haɗe da ita. Mai ofishin da ya zaci uku ne yakan tarar da goma sha biyu. Sauya kalmar sirri yana jawo ɓacin rai na kwana biyu, amma yana aiki. Haka ma gaya wa Windows cewa datar wannan haɗi a ƙidaye take, domin hakan yana dakatar da yawancin aike-aiken ɓoye.

Cushewar hanyar turawa tana da wani sharri da ke rikita masu bincike. Duk abin da ake saukewa, sai kwamfuta ta riƙa aika 'yan ƙananan rasidai tana cewa wannan ya iso, a turo na gaba. In bidiyon wani ya cika layin fita, rasidan nan sai su bi dogon layi a bayansa, saukewar ma ta tsaya. Injiniya Jim Gettys ne ya ja hankalin duniya ga wannan cuta ta dogon layi a cikin rautoci a shekarar 2010. Alamarta ita ce intanet ɗin ofis gaba ɗaya ya sume da zarar mutum ɗaya ya fara tura babban fayil, ya farfaɗo da ya gama.

Idan an wanke kwamfuta da Wi-Fi, saura zango na biyu, kuma a nan wurin da aka ajiye rauta shi ne kusan komai. Rufin kwano yana mayar da igiyar rediyo baya kamar yadda madubi ke mayar da haske, ga tagogi masu ƙarafunan tsaro. Rautar da ke kan tebur a tsakiyar ɗaki tana magana ne daga cikin gwangwani. A ƙasan rautar akwai adireshin shafinta a rubuce, kuma a shafin yawancinsu akwai wata lamba mai suna RSRP, wadda ta fi sanduna gaskiya nesa ba kusa ba. Lamba ce mai alamar ragi: kusa da 80 yana da kyau, in ta wuce 110 na'urar tana bakin gaɓa, kuma turawa ce za ta fara faɗawa. Sai a ɗauki rautar a zagaya da ita, taga bayan taga, sama da ƙasa, ana duban lambar, har a gano ɓangaren da ke fuskantar turke. Tazarar taku uku na iya ninka gudun turawa. Sai dai taga tana da nata haɗarin: a zafin Maris da Afrilu, rautar da rana ke duka tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, batirin ta aljihu kuma ya kumbura. Ana son ta ga waje, ba a son rana ta gan ta. Ga ofishin da aikinsa ya dogara da turawa, eriyar waje da aka ɗaura a kan dogon bututu sama da rufi, aka juya ta ga turke, ita ce jarin da ya fi kowane biyan kansa, muddin rautar tana da ramin karɓarta.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Turke guda ne ke ɗaukar garin, kuma ranar kasuwa ko bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya zauna da wayarsa, rabon kowa yana raguwa. Tsofaffin ma'aikatan shagunan kwamfuta sun daɗe da gane cewa fayil ɗin da ya gagara da yamma yakan wuce cikin minti biyu bayan asuba.

Zango na uku ba ya hannun mai kwamfuta. Turakan karkara da yawa ba su da wayar faiba. Suna miƙa saƙo ne ta faranti daga turke zuwa turke har ya isa inda faibar take, kuma suna rayuwa ne da dizal da batiri, a yankin da kai mai ko tura injiniya ke buƙatar lissafin tsaro. Can nesa kuma akwai teku: a ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka shiga tasku ba tare da wani ya taɓa rautarsu ba. Wani lokaci kuma hanyar lafiya take, mai karɓa ne ya gaza. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV a kan lokaci, alhali na 'yan majalisa daga rumfuna guda, da na'urori guda, yana hawa. Hukumar zaɓe ta INEC ta danganta abin ga tangarɗa a tsarin nata shafin. Duk abin da mutum ya ɗauka game da wannan bayani, darasin fasahar a fili yake: in shafin auna gudu ya nuna lafiya, fayil ɗin kuma ya hau imel ba matsala, amma shafin hukuma ya ƙi karɓa, to a bar rauta ta huta. Ranar ƙarshe ta kowace rajista, ƙasar gaba ɗaya ce ke tururuwa a ƙofa ɗaya.

Abin da ya rage a hannu shi ne nauyin kayan. Kamfanoni suna faɗin gudu da megabit, fayil kuma ana auna shi da megabayit, kuma megabayit ɗaya megabit takwas ne. Fayil mai megabayit 40 a kan gudun megabit ɗaya zai ci minti biyar da daƙiƙa ashirin. In gudun ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin biyar na haka, ya doshi minti 27, kuma shafuka da yawa ba su da wannan haƙuri. Takardar A4 da aka ɗauka a na'urar sikana da ɗigo 600 a kowane inci tana da ɗigo kusan miliyan 35. A ɗigo 150 ba ta wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, kuma rubutun takardar shaida yana karantuwa sarai. Barin sikana a kan saitin da ya fi kowane nauyi, da launi, don ɗaukar takardar baƙi da fari, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne a kan hanyar da dama ba ta da kyau.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya tsallake turke da faiba gaba ɗaya, kuma ga cibiyar da za ta iya kuɗinsa da wutarsa sauyi ne na gaske. Amma shi ma turawarsa ba ta kai saukewarsa ba, kuma bai san da 'yar na'urar da ke maƙale a bayan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur ba. Wanda ya kafa farantinsa a kan rufi ya bar wannan yadda yake zai biya kuɗi mai yawa ya ci gaba da kallon layi yana rarrafe.

Idan kuwa an bi duk waɗannan, an gwada da kebul, an gwada da asuba, an gwada da waya a waje a fili, lambar turawa ta ƙi motsi, to laifin na hanyar kamfani ne, kuma ƙorafin da ke tafe da lambobi ya fi na baki nauyi. A rubuta gwajin mako guda a littafi: rana, lokaci, gudun saukewa, gudun turawa, da lambar RSRP. A kai wa kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi. In ba a ga gyara ba, layin NCC na masu amfani da waya shi ne 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan ce za su nema.